Za a Hau Sama

Tun da na dawo daga Habasha ban huta ba. A majalisarmu ta bakin masallaci tambaya, a ɗakin malamai tambaya, har mai gyaran babur ɗina na Ƙofar Kabuga sai da ya ajiye sifana ya ce, "Malam Nafi'u, wai da gaske kallon taurari ka je? Namu na nan sun ƙare ne?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Sai dai tafiyar ba za ta fahimtu ba sai an san abin da ya tayar da ni.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandaren 'yan mata, kuma ina zaune a gidanmu na gado a Gwammaja, ni da matata Hajara da mahaifiyata Inna. Shekaru biyu da suka wuce na sayi madubin hangen nesa na gwanjo da wata 'yar kyamara da ake cusa masa, ina sa tsani in hau da su saman ɗaki ɗaya da muka yi wa rufin kankare. Duk ɗan birni ya san ba a hawa saman gida haka kawai. Gidajenmu a manne suke, wanda ya hau yana ganin tsakar gidan maƙwabta, inda mata ke shan iska. Sai ka ɗaga murya sau uku ka ce, "Gafara dai, za a hau sama," sannan ka jira su shige ɗaki. Mai gyaran rufi sau ɗaya yake yin haka a shekara, ba wanda zai ce masa komai. Ni kuwa sau uku a mako nake yi, har da lokacin zafi. Kunyar hakan ta sa nake yin komai a gurguje: in ɗauko madubi daga bayan sif, in hau, in ɗauki hoto cikin minti goma, in sauko kamar wanda aka biyo.

Maƙwabcina na yamma, Alhaji Uba mai atamfa, shi ya kai ni ƙara wajen mai unguwa. Ya ce ba taurari nake kallo ba, gidajen mutane nake leƙe. Na ce ya hau ya duba da idonsa, ya ce shi bai gaji hawa saman gida yana kallon iyalin wasu ba. Sai na buɗe wayata na nuna musu hoton Mushtari, babbar duniyar nan da ke haskawa bayan magariba. Alhaji ya kalla, ya juya wayar, ya ce, "Wannan ai ƙosai ne ya faɗa a koko. Ina ainihin hotunan da kake ɗauka?" Aka yi dariya, kuma gaskiya hoton bai fi haka ba.

Mai unguwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, na san mahaifinka, ban kuma san ka da mugun hali ba. Amma kai 'ya'yan mutane kake koyarwa, irin wannan magana in ta kai makaranta ba ta wankuwa. Na ba ka zuwa ƙarshen wata mai kamawa. Ka kawo hoton da kowa zai gane na sama ne. In babu, a sauke tsani, kuma ba zan iya rufe bakin kowa ba."

Ba tsanin ne ya dame ni ba, sunana ne. Hajara ta je suna a layinmu ta dawo da wuri, ta ce da ta shiga aka yi shiru. A makon ne takardar gayyata ta zo daga wani taron horar da malaman kimiyya a Habasha, wanda na nema tun da daɗewa har na manta. Darasin kuwa yadda ake gyara hoton da iska ta dagula. Na ce wa Hajara, ko da rarrafe ne sai na je.

Inna ta cusa min dambun nama da yaji a jaka, ta ce ta ji can ba sa cin abincin mutane. Muka tashi daga Kano da rana, muka sauka Addis Ababa bayan isha. A nan na fara gamuwa da jarrabawa. Wani jami'in kwastan ya ga kyamarata a na'urar bincike, ga ta kamar gwangwanin tumatir da waya a gindi, ya ce in koma gefe. Ya tambayi aikinta, na ce hoton sama. Ya ce in nuna masa. Na nuna masa ƙosan nan na Alhaji Uba. Ya kira abokin aikinsa, suka haɗa kai suna kallo, abokin ya ce shi dai fitilar mota yake gani a cikin hazo. Na ce a raina, to, ashe ba a Gwammaja kaɗai ba ne. Takardar gayyata ce ta cece ni, bayan sun buga waya sun tabbatar. Da zan wuce jami'in ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya sa in koyo, don ina bukata.

Direban da ya ɗauke ni, wani dattijo mai suna Tesfaye, ya sauke ni a masauki ya ce gobe mota za ta zo ƙarfe biyu ta kai mu tsaunin da ake karatun. Na yi murna, na ce zan huta har in yi azahar a natse. Na yi asuba na koma barci. Da na fito wajen sha ɗaya, mai masaukin ta riƙe baki ta ce ai tun safe suka tafi. Ashe su agogonsu daga fitowar rana yake fara ƙirga, ƙarfe biyunsu shi ne takwas ɗinmu. Na fara jin haushi, daga baya na ga ai su ne da gaskiya, don mu da muke fara ƙirgen yini da tsakar dare ba mu da hujja.

Ban zauna jira ba. Na shiga ƙaramar bas irin tamu, kwandasta na rataye a ƙofa yana kiran unguwanni, ban gane ko ɗaya ba. Ta sauke ni a gindin tsauni, na kama hawa da ƙafa. Ni da nake hawa Dala ba tare da na tsaya ba, ban yi nisa ba numfashina ya ƙare, don iskar can ba ta da kauri. Wasu mata ɗauke da itace a gadon baya suka wuce ni suna hira, ɗaya ta waiwayo ta faɗi wata magana, sauran suka fashe da dariya. Ban ji yaren ba amma na gane. Na isa ana cin abincin rana, jakata a kaina.

Sanyin wurin ba a magana. Ruwan alwala kamar reza. Aka haɗa ni ɗaki da wani malami ɗan Senegal, Musa, mutum mai barkwanci da ba ya rabuwa da butar shayi. Shi ya ba ni aron rigar sanyi, hannunta ya wuce yatsuna, haka na yi kwana goma ina naɗewa.

Abincinsu wata faffaɗar waina ce mai tsami, kamar sinasir da ya kwana biyu, ana shimfiɗa ta a faranti a zuba miya kala-kala a kai, kowa ya yago ya dangwala. Ita ce faranti, ita ce cokali. Mun tarar suna azuminsu na Kiristoci, ba nama ba madara, sai wake da ganye, don haka ban sha wahalar tambayar yanka ba. Rana ta farko tsamin ya kashe min haƙora, rana ta huɗu ni ke neman ƙari. Abin da ban shirya masa ba shi ne ranar da Tesfaye, don ya ba ni haƙurin maganar agogo, ya naɗo loma da hannunsa ya nufo bakina da ita. Na ja da baya. Musa ya taka min ƙafa ya ce girmamawa ce, ƙi kuwa cin fuska ne. Rabona da a ba ni abinci a baki tun Inna na goya ni. Na buɗe, loma ta cika min baki har hawaye suka zo, aka yi tafi. Gahawa kuma ba a sha a tsaye. Sai an soya ta a gabanka, an kunna turaren wuta, an kawo gugguru, ka sha zagaye uku kamar shayin Buzaye. Duk saurinka sai ka zauna.

Mai koyar da mu Dakta Almaz ce, mace gajera mai furfura, ba ta ɗaga murya kuma ba ta maimaita magana. Ta ce wanda ya taɓa kallon abu ta saman wutar mai tsire ya ga yana rawa, ya riga ya san matsalar. Iska mai zafi da mai sanyi suna cakuɗuwa, suna lanƙwasa hasken da ya taho daga sama, hoto ya dagule. Amma rawar ba ta ɗorewa iri ɗaya. A cikin daƙiƙa guda akwai ɗan ƙiftawar ido da iska ke lafawa. Don haka ba hoto ɗaya ake ɗauka ba, bidiyo ake yi mai dubban hotuna, kwamfuta ta tsince masu kyau ta zubar da saura, ta jera su daidai a kan juna su zama ɗaya. Bayan haka sai a ɗauki wani tauraro na kusa. Tun da an san ɗigo ne, yadda ya baje shi ke nuna irin ɓarnar da iska ta yi, sai kwamfuta ta bi lissafin da baya ta warware. Na rubuta komai, har hannuna ya yi ciwo. Na ji kamar an ba ni makamin da zan rufe bakin Alhaji Uba.

Rana ta biyar aka ce kowa ya kawo bidiyon da ya ɗauka a gida. Na Musa ya fito tas. Na wata malama 'yar Kenya ma haka. Aka sa nawa, kwamfuta ta tsince, ta jera, ta warware, ƙosai ya fito ƙosai. Na sake, na matsa lissafin har ƙarshe, sai wasu zane-zane suka bayyana. Na yi murna na kira Dakta. Ta kalla ta ce, "Goge. Wannan ba Mushtari ba ne, kwamfuta ce ta ƙirƙira don ka matsa mata. Abin da sama ba ta ba ka ba, kada ka nuna wa mutane."

Ta ja kujera ta zauna, ta sa bidiyon yana tafiya a hankali. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "A ina madubinka yake yini?"

Na ce a ɗaki, bayan sif.

"Minti nawa yake yi a waje kafin ka fara?"

"Ba ya kai biyar, Dakta."

Ta cire tabarau. "Madubi yana bukatar awa biyu ya huce ya yi daidai da iskar waje. Naka tafasa yake yi daga ciki. Saurin me kake yi? Ɓarayi ke bin ka?"

Ban so in faɗa ba, amma na faɗa: sallamar hawa, matan da ke shigewa ɗaki cikin zafi, ƙarar da aka kai ni, wa'adin mai unguwa. Na zaci za ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce a ƙauyen kakarta ma ba a leƙa shingen maƙwabci. Ta tambayi irin rufin, na ce kankare, ta ce shi ma yini yake yana shan rana, da dare ya amayar. Sannan ta nuna min wani abu a bidiyon da ban taɓa lura da shi ba: wata igiyar zafi da ke ratsa hoton daga gefe ɗaya, ba ta tsayawa, da wata 'yar karkarwa mai tafiya daidai wa daida. Ta ce, "Akwai inji a ƙarƙashin inda kake kallo. Mene ne a yammacin ɗakinka?"

Nan take na tuna. Janaretan Alhaji Uba a jikin katangarmu yake, bututun hayaƙinsa yana kallon sama.

Da na gaya mata, a nan ne ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan ta ce, "Malam, kwamfuta tsintowa take yi daga abin da ka ba ta. In babu mai kyau ko ɗaya a cikin dubu, ba abin da za ta tsinto. Gyaranka ba a nan yake ba, yana gida."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na haye ƙasashe ina neman maganin da zan yi ni kaɗai a ɗakina, ga shi an ce maganin yana hannun mutumin da ya ɓata min suna. A daren aka ba mu babban madubin wurin, na ɗauki Mushtari da hannuna, ya fito kamar a littafi. Musa ya leƙo ya ce, "To ai ka gama. Kai musu wannan. Wa zai san ba daga saman ɗakinka ba ne?" Ba zan ɓoye ba, kwana uku ina juya maganar. Hoton yana wayata har muka shiga jirgin dawowa. Sai da muka tashi na tuna cewa abin da ake tuhumata da shi ɓoye ainihin hoto ne, in na kai wannan kuwa na zama abin da aka ce. Na goge shi a nan cikin jirgi, don na san kaina, in ya kai Kano zan nuna shi.

Na dawo saura kwana tara wa'adi ya cika. Washegari na nufi wajen Ƙofar Dawanau na sayo zana, na kewaye saman ɗakin da ita har ta wuce tsayina, yadda ba abin da zan gani sai sama. Na fara hawa da madubi tun la'asar, in bar shi a rufe ya huce. Na riƙa jan ruwa a bokiti ina yayyafa wa kankaren kafin rana ta faɗi. Inna tana zaune a tabarma tana kallona ta ce, "Yayyafin ruwa don ƙasa ta huce? Wannan ai tun kafin a haife ka muke yi. Sai da ka je Habasha aka gaya maka?" Hoto ya ɗan gyaru, amma igiyar zafin nan tana nan.

Sai na sa babbar riga na yi sallama a zauren Alhaji Uba. Na gaishe shi, ya amsa a daƙile. Na yi masa bayani dalla-dalla, na roƙe shi ya kashe janareta na rabin awa bayan isha.

Ya ce, "Ikon Allah. Ka kore min iyali ɗaki, yanzu kuma in kashe musu fanka?"

Na ce, "Alhaji, ba sai sun shiga ɗaki ba yanzu, na sa zana. A aiko a auna. Rabin awa kawai nake roƙo, sau ɗaya. In hoton bai fito ba, da hannuna zan sauke tsanin."

Ya ce zai duba. Na koma washegari, na sake komawa bayan kwana biyu. Kullum zai duba, kullum janareta na ruri.

Ranar ƙarshe mai unguwa ya zo zaurenmu bayan isha da dattawa biyu, Alhaji Uba ya zauna a bakin ƙofa yana jan carbi. Na fita tsakar gida na yi sallamar hawa sau uku, na hau. Mushtari yana can sama ta yamma, yana rawa a fuskar kwamfuta. Na saita komai na zauna. Na riga na yanke cewa ko ba a kashe ba zan ɗauka, in kai musu duk abin da ya fito. Minti goma, minti ashirin. Ina shirin fara ɗauka sai injin ya yi tari sau biyu ya mutu.

Unguwa ta yi tsit, har ina jin rediyon wani gida can nesa. Na ba iska minti biyar ta wanke, ina kallon rawar tana raguwa. Na ɗauki bidiyon minti biyu, don Mushtari yana juyawa da sauri, in ka daɗe zanensa ya goge. Na ɗauki tauraron kusa da shi. Na sauko zaure da kwamfutar.

A gabansu na yi aikin, ban ɓoye komai ba. Na nuna musu ɗanyen bidiyon, ɗaya daga cikin dattawan ya ce ga ƙosan nan dai. Kwamfuta ta tsince, ta jera. Na warware a hankali, na tsaya inda Dakta Almaz ta ce a riƙa tsayawa. Sai ga shi: ƙwallo mai ɗamara biyu ruwan ƙasa, da 'yan watanninsa uku a jere a gefe. Bai kai na kan tsauni kyau ba, amma ba mai cewa tsakar gidan wani ne.

Mai unguwa ya ce, "Subhanallahi." Alhaji Uba ya taso ya durƙusa gaban kwamfutar, ya ƙura wa hoton ido. Sannan ya ce, "Malam Nafi'u, na yi maka mummunan zato a gaban mutane. A gaban mutane nake cewa ka yafe ni." Na ce na yafe, na kuma gode da ya kashe janareta.

Ya gyara hula ya ce, "Ba ni na kashe ba. Hajiya ce, uwargidana. Ta ce shekara biyu ana korar su ɗaki, suna so su ga abin da ake korar su dominsa."

Hajara ce ta shiga wa matan gidan Alhaji da kwamfutar a daren, ba ta dawo ba sai da batir ya ƙare. Ta dawo da saƙo: hoto bai ishe su ba, da idonsu suke so su gani. Na kwana uku ina koya mata saita madubi. Ranar Juma'a bayan isha matan gida huɗu suka taru a tsakar gidanmu, aka kashe janareta, ni da Alhaji Uba aka ce mu koma zaure. Muna zaune cikin zafi yana fifita da hularsa, sai muka ji muryar Hajara daga ciki, sau uku, ba ko gargada: "Gafara dai, za a hau sama."

Alhaji ya taɓa gwiwata ya ce, "Malam, sunkuyar da kanka."